Lamba Bakwai ta Tseren Guna

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci ke nan, Kellu mai shara ta shigo komisariyar Zinder, wato ofishin 'yan sanda, da sassarfa, ko takalmi babu a ƙafarta. Ansifekta Modu, wanda mutane ke ce wa Mushe, wato yallaɓai da faransanci, yana bakin ƙofa yana cire babbar riga zai mayar da kaki.

"Mushe, ku zo. Malam Rabi'u ne. Yana kwance a ɗakin littafi, na yi masa magana bai amsa ba."

"Wane ɗakin littafi?"

"Na masu moto, bayan garejin Balanshar."

Modu bai tsaya ɓalla maɓallan rigar ba. Ya kira Sarjan Mamman da gardi biyu masu tsaron komisariya, suka bi ta.

Shekarar 1938 ce. Tun 1924 ake tseren moto, wato babur, daga Zinder zuwa Guna, a bi ta Mirriya a tafiya, a dawo ta hanyar yamma. Nasaru ne suka fara shi, sojoji da 'yan kasuwa, sai a 1931 aka bar 'yan ƙasa su shiga. Kowace shekara bayan an gama girbin gero ake yinsa, kuma jibi Lahadi za a yi na goma sha biyar. Malam Rabi'u, bakano, komi, wato akawun kamfanin Balanshar, shi ke riƙe da agogo da littafin tseren tun ranar farko. Ba a taɓa jin an yi gardamar lokaci ba tare da an ce a je a tambayi Malam ba.

Suka same shi rub da ciki kusa da tebur, da rauni a ƙeya. Hularsa ta faɗi can gefe. Butarsa tana bakin ƙofa cike da ruwa.

"Ko alwala bai yi ba," in ji Modu. "Kafin salla aka yi abin nan."

Littafin yana buɗe a kan tebur. Modu ya juya shafukan da sauri. Kowace shekara da shafinta: sunan mahayi, lambarsa, lokacin tashi, lokacin isowa. Ga 1930, ga 1932. Tsakaninsu an yanke shafi da reza, tas, har gindi.

Ya ɗaga kai ya dubi bango. Akwai allon katako da aka kafa wa ƙananan lambobin tagulla goma sha huɗu, kowace da shekara da lamba a jikinta.

"Waɗannan fa?"

"Na waɗanda suka ci ne," in ji Sarjan Mamman, wanda bai taɓa fashin kallon tseren ba. "Ana sallamar mahaya ɗaya bayan ɗaya, minti biyar tsakani. In mutum ya kai Guna, akwai wani tsoho da zai miƙa masa lambarsa. Ita ce shaidar ya je. Wanda ya ci, Malam ya kafa tasa a nan."

Goma sha uku sun dushe, sun yi kore-kore. Ɗaya tana ƙyalli kamar yanzu aka goge ta, kan ƙusarta kuma sabo ne, ya ɗan lanƙwashe. An buga mata 31 a sama, 7 a ƙasa.

"Ta wa ce wannan?"

Sarjan ya dube shi da mamaki. "Ta Zakari mana. Awa ɗaya da minti talatin da ɗaya. Har yau babu wanda ya kusanci lokacin, ko nasara ko namu."

Modu ya sa littafin a hammata, ya ce a kira lokotoro, wato likita, ya fita.

Garejin yana nan kusa, ƙarar injin ta cika shi saboda kowa yana gyaran motonsa. Zakari shi ne shugaban makanikai, dogo, mai furfura kaɗan a gemu. In zai ratsa kasuwar Zango maroƙa kan bi shi da kirari. Ya tari Modu yana goge hannu da tsumma, idanunsa jajir.

"Yanzu nake ji, Mushe. Shekara ashirin muna aiki tare."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Da hantsi. Ya wuce ya gaishe mu."

"Daga nan fa?"

"Na rufe gareji na tafi masallaci a Birni, kamar kowa."

"Wa ke da rikici da shi?"

Zakari ya ajiye tsumman. "Ba na son in ɗora wa mutum magana. Amma jiya kowa ya ji Alkasum yana ɗaga masa murya a ƙofar ɗakin."

"A kan me?"

"Sai dai ka tambaye shi. Mai zafin kai ne, kuma bana yana ganin shi zai ci."

Modu ya lura da babban yatsan Zakari na hagu. Farcen ya yi baƙi, jini ya kwanta a ciki.

"Me ya sami yatsanka?"

"Ƙarfe ne ya kuɓuce mini."

"Yau?"

"Jiya."

Modu ya gyaɗa kai ya juya. A waje ya ce wa Sarjan, "Je ka ƙofar masallaci ka nemi maroƙan da ke bin Zakari. Tambaye su ko sun gan shi yau. Kada ka ce ni na aiko ka."

Kafin ya koma komisariya har shugabansu Kwamisar ya ji labarin faɗan jiya, ya sa an kamo Alkasum. Nasaran yana kai da kawowa a birosa, wato ofishinsa, taba a hannu.

"Baƙi za su zo daga Yamai saboda tseren nan," ya ce da faransanci. "Ka sami mutum, ka sami dalili. Ina son takarda a kan teburina kafin Lahadi."

"Ka ba ni zuwa gobe da yamma, Mushe Kwamisar."

"Gobe da yamma. Ba ƙari."

Alkasum direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, ɗan shekara talatin, gajere mai faɗin ƙirji. Yana zaune a kaso ya haɗe fuska.

"Ina kake lokacin salla?"

"Gida. Ciki ke damuna."

"An kawo motonka nan. Injin da ɗumi, tayoyin cike da ƙarangiya. A tsakar gidanku take fitowa?"

Alkasum ya kau da kai.

"Ka ga, ni ba ni da lokaci," in ji Modu. "Ko ka gaya mini inda ka je, ko ka gaya wa alƙalin nasara."

"Hanyar Mirriya na hau. An hana gwaji a makon tsere, in an ji za a cire sunana. Na ga kowa yana masallaci, na ce babu mai ganina."

"Wa ya gan ka?"

"Mata masu ɗibar ruwa a rijiyar bakin hanya. Na tsaya na sha."

"Me ya haɗa ka da Malam jiya?"

"Raini. Na je in sa suna, na ce masa bana zan karya lokacin Zakari. Sai ya rufe littafi ya ce, 'Alkasum, kana da iyali. Kada ka bi lokacin talatin da ɗaya, babu abin da za ka tarar a can.' Na ce yana nufin ban isa ba ke nan. Ya ce in yi haƙuri zuwa Lahadi, zan ji. Shi ne na yi ta faɗa."

"Haka ya ce, zuwa Lahadi?"

"Haka ya ce."

Modu ya dubi agogonsa, ya sa aka rufe kaso, ya fita.

Bayan la'asar aka kai Malam Rabi'u makwancinsa. Modu ya bi jana'iza, daga maƙabarta ya zarce gidan mamacin a Zango. Matarsa Balaraba ta yarda ta yi magana da shi daga bayan labulen zaure.

"Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙuri."

"Amin, na gode."

"Kin ga wani canji a tare da shi kwanan nan?"

"Tun Litinin. Nasaru sun ce ya rubuta tarihin tseren gaba ɗaya, a karanta ranar Lahadi. Ya ce ba zai rubuta waɗanda suka ci kawai ba, har da waɗanda motonsu ya mutu a hanya. Shi ne ya hau kamiyon gyaɗa ya tafi Guna. Da ya dawo ko tuwo bai taɓa ba."

"Ya zo da wani abu?"

"Wani ɗan abu a ƙulle cikin tsumma. Bai nuna mini ba. Talata kuma ya tafi unguwar Kara-Kara wajen Suma'ila gurgu, ya daɗe."

"Yau da safe fa?"

Ta matso kusa da labulen. "Na ce ya zauna ya huta tunda Juma'a ce. Ya ce akwai wanda yake so ya ba kwana biyu, don kada ya ji kunya a gaban mutane."

"Ya faɗi suna?"

"Malam ba ya kawo sunan mutane gida."

A ƙofar gida Sarjan Mamman yana jira. Ya matso kusa ya rage murya.

"Maroƙan sun tsaya har aka watse. Sun ce yau ba su ga Zakari ba, abin har ya ba su haushi."

Da sauran rana Modu ya isa Kara-Kara. Suma'ila yana zaune ƙarƙashin rumfa yana liƙe fitilar kwano, sandunansa biyu jingine da bango. Ƙafarsa ta dama ta ƙare a gwiwa.

"Me Malam ya zo nema ranar Talata?"

"Tambayar da ba wanda ya yi mini cikin shekara bakwai," in ji Suma'ila. "Ya ce in ba shi labarin tseren talatin da ɗaya."

"Ba ni ni ma."

"Mu biyu ne 'yan ƙasa a shekarar. Ni lamba shida, Zakari bakwai. Na tashi, bayan minti biyar ya tashi. Ban tsaya ko'ina ba sai Guna, na karɓi lambata na juyo. Na yi awa ɗaya da minti arba'in da takwas, na wuce nasaru duka. Ina shigowa gari na ji kiɗa, na ɗauka nawa ne. Ashe Zakari ya daɗe da isowa, har an ɗauke shi a kafaɗa."

"A ina ya wuce ka?"

"Abin da na tambaya ke nan. Ban gan shi ba, ban ji ƙararsa ba. Ya ce ta cikin gonaki ya kauce wa yashi. Mutane suka ce hassada ce ke cina, sai na yi shiru."

"Ƙafar fa?"

Suma'ila ya ajiye fitilar. "Talatin da uku. Na ce in mutum ya yi wannan lokaci, ni ma zan yi. A gangaren Mirriya ban sassauta ba. Bayana kuma wani sojan nasara ya karya wuya a wuri ɗaya, shi ma lokacin yake bi."

"Da ka gama, me Malam ya ce?"

"Ya kama hannuna ya ce in yafe masa. Ban gane ba, shi da bai yi mini komai ba."

Asabar da sassafe Modu ya koma ɗakin littafi, ya zare lambar mai ƙyalli daga allo. Gabanta kawai aka goge. Bayanta baƙi ne ƙirin da hayaƙi, kuma an ja mata layi biyu gicciye da bakin wuƙa. Ya zare ta 1930 da ta 1932 ya juya su. Babu hayaƙi, babu layi.

Kamiyon gyaɗa ba zai tashi ba sai azahar, doki kuma zai cinye yinin. Modu ya buɗe kaso da kansa.

"Tashi, za ka kai ni Guna."

"A kan moto?" in ji Alkasum. "Ka taɓa hawa?"

"A'a."

"To ka riƙe ni da kyau, kuma in na kwanta dama kada ka kwanta hagu."

Suka fita ta tsakanin duwatsun gabashin gari. Modu ya runtse ido a gangaren Mirriya, bai buɗe ba sai da ya ji injin ya sauya murya. A rijiyar bakin hanya ya sa aka tsaya. Mata biyu suka shaida Alkasum, suka ce jiya da rana tsaka ya sha ruwa a gugansu.

Can gaba, inda hanya ta karkata kudu, Modu ya ga wani burtali ya ratsa gonaki ya yi yamma. Ya daki kafaɗar Alkasum.

"Ina wannan ya ɓulla?"

"Hanyar dawowa. Makiyaya ke bi."

"Moto zai bi?"

"Zai bi. Amma wanda ya bi nan bai ga Guna ba, da me zai koma gari?"

Tsohon da ke miƙa lambobi a Guna sunansa Nomau. Manomi ne, suka same shi yana ɗaure damin gero a bakin rumbu. Matarsa Delu ta kawo fura. Modu ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye.

"Baba, Malam Rabi'u ya zo nan ranar Litinin?"

"Ya zo. Lafiya dai?"

"An kashe shi jiya."

Tsohon ya yi salati ya zauna a kan damin. Sai da ya ɗan natsa Modu ya ci gaba.

"Me ya nema?"

"Waɗanda ba su iso ba. Kowace shekara ana aiko mini da lambobi a jaka, kowa ya zo ya faɗi tasa in ba shi. Waɗanda suka rage, na masu faɗuwa ne da masu mutuwar inji. Babu mai tambayarsu, ni kuma ba na zubar da kayan mutane. Delu, ɗauko."

Ta shiga ɗakin girki ta fito da igiya da aka zura wa lambobi kusan arba'in, duk sun yi baƙi da hayaƙi. Modu ya juya ta farko, ya juya ta biyu. Kowace da layi biyu gicciye a baya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni. Ban yi makarantar lakwal ba, ban iya karanta lambar nasara ba sai an nuna mini. In rana ta faɗi mai lamba bai zo ba, sai in tsaga mata, kada ta ruɗe da na baɗi."

Modu ya ciro wadda ke aljihunsa ya miƙa masa. Nomau ya juya ta ya shafa da yatsa.

"Tawa ce. Ita Malam ya cire daga igiyar nan. Ya daɗe yana kallonta, ya ce in ba shi aro."

"Ka san ko ta wa ce?"

"Ina zan sani? Ni dai mai ita bai zo Guna ba."

Alkasum, da ke tsaye yana leƙe, ya karanta lambar a hankali. Ya buɗe baki zai yi magana, Modu ya ɗaga masa hannu.

"Baba, ka ba ni aron igiyar duka. Zan dawo maka da ita."

Bayan la'asar suka shigo Zinder. Modu bai biya komisariya ba. Ya aika Sarjan Mamman ya kira Zakari ɗakin littafi, ya sa gardi biyu a waje, Alkasum kuma a bakin ƙofa.

Zakari ya shigo, idonsa ya fara sauka a kan allo, inda gurbin lambarsa yake fayau.

"Zauna," in ji Modu.

"Ina da aiki, Mushe. Moto goma sha ɗaya ke jirana."

"Ba zan daɗe ba. Ka ce ka yi Juma'a a Birni. Maroƙanka sun jira ka har aka watse."

"Ta ƙofar baya na fita."

"To. Wannan lambarka ce?"

Zakari ya dube ta a tafin hannun Modu. "Ita ce."

"Ita ka karɓa a Guna a talatin da ɗaya?"

"Kowa ya sani."

"Tun ranar tana jikin allon nan?"

"Shekara bakwai."

Modu ya juya ta ya ajiye a tebur, bayanta a sama. Ya zaro igiyar Nomau daga jaka ya shimfiɗa kusa da ita, ya riƙa juya lambobin ɗaya bayan ɗaya.

"Tsohon Guna yana tsaga wa duk wadda mai ita bai iso ba. Wannan ta shekara bakwai a ɗakin girkin matarsa, sai ranar Litinin Malam ya ɗauko ta. Jiya wani ya kafa ta a allo da sabuwar ƙusa, cikin gaggawa har ya lanƙwasa ƙusar. Nuna mini yatsanka."

Zakari bai nuna ba. Ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana kallon igiyar.

"Ban duba bayanta ba," ya ce a hankali.

"Ina wadda ke nan a da?"

"Na jefa ta a wutar maƙerar gareji, tare da shafin. Na goge ta gaskiyar na kafa, don kada a gane."

"Kai ka ƙera ta?"

"Ni na ƙera ta. Kwana uku kafin tseren na ga lambobin a biro, na yanki tagulla na yi irinta." Ya goge fuska da tafin hannu. "Mushe, wallahi ban yi don in ci ba. Shekarar aka fara barinmu. Nasaru suna dariya, suna cewa ko Mirriya ba za mu kai ba. Motona tsoho ne, na san ba zai yi zagayen duka ba. Na ce in bi burtali, in zauna a inuwa kaɗan, in shigo a tsakiyar mutane, kada dai a ce ɗan ƙasa ya kasa."

"Sai me ya faru?"

"Ba ni da agogo. Na zauna gindin wata tsamiya, na ga kamar na daɗe ƙwarai. Tsoro ya kama ni kada in zama na ƙarshe, na tashi na buɗe wuta. Ina shigowa na ga babu kowa gabana. Malam ya dubi agogo, ya sake duba, ya rubuta. Kafin in sauka an ɗauke ni sama."

"Ba ka faɗa ba."

"Wa zan gaya wa? Sarakunan gari sun aiko da riga. Tsofaffi suna kuka suna cewa mun kunyata nasara. Da Suma'ila ya faɗi, ni na ɗauko shi a kamiyo, jininsa a rigata. Ranar na yi niyyar faɗa, na kasa. Bayan nan kuma ya yi nauyi."

"Jiya fa?"

"Ya kira ni kafin salla. Ya cire tawa daga allo, ya jera su biyu a nan. Ya ce, 'Zakari, da hannuna na rubuta lokacin nan, mutum biyu sun bi shi, ɗaya ya rasa ƙafa ɗaya ya rasa rai. Ka faɗa da bakinka kafin Lahadi, ko ni in karanta.' Na roƙe shi. Na ce ya bari in bar garin tukuna. Ya ce Alkasum zai hau jibi, ba zai jira ba. Ya juya zai ɗauki buta. Gudumar da ya cire ƙusa da ita tana kan tebur."

Ya dubi wurin da Malam ya faɗi. 

"Sau ɗaya na buge shi," in ji Zakari. "Na kira sunansa, bai amsa ba."

"Kuma ka nuna mini Alkasum."

"Na nuna maka."

Modu ya tattara igiyar ya mayar jaka, ya ɗauki lambar ya sa a aljihu. Ya yi wa Sarjan Mamman alama. Sarjan ya matso da ankwa, amma ya tsaya yana jujjuya ta a hannu.

"Sa masa," in ji Modu.

Zakari ya miƙa hannuwansa da kansa. Da suka iso bakin ƙofa ya ja ya tsaya a gaban Alkasum. Alkasum ya kau da fuska.

"Ba yafiya nake nema ba," in ji Zakari. "Ka ji wannan kawai. Awa ɗaya da minti arba'in da huɗu shi ne mafi sauri da mutum ya taɓa yi a hanyar nan, wani nasara a talatin da shida. Motonka zai iya arba'in da biyu, ni na gyara shi, na sani. Kada ka nemi ƙasa da haka. In ka zo gangaren Mirriya ka sassauta."



Sarjan ya taɓa kafaɗar Zakari. Gardi biyun suka sa shi a tsakiya, suka ratsa ta gaban gareji, makanikansa suna tsaye da ƙarafa a hannu suna kallo. Bai dubi kowa ba har suka sha kwanar komisariya.